Tambayar da Kawu ya yi min a Asokoro

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauko Kawu daga Mararaba zan kai shi ganin likitan ido a cikin gari, gosulo ya riƙe mu tun daga Nyanya har AYA, sai na ce bari mu yanke ta cikin Asokoro ko za mu samu sauƙi. Muna wucewa ta gaban wani babban gini mai tutoci jere sai ya taɓa ni ya ce, ɗana nan kuma ina ne? Na ce Kawu ai hedikwatar ECOWAS ce, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ya yi shiru yana kallon ginin har muka wuce, can sai ya ce to su waɗannan ba su da labarin abin da ya same mu ne?

Na fara yi masa bayani wai Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ita tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne, ECCAS, wadda ofishinta ke Libreville ta ƙasar Gabon. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, to mu da muka gudo, Gabon muka je ko Najeriya muka zo?

Wallahi ban samu amsa ba, kuma tun ranar abin ke cina, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ya fi shekara talatin a Bamenda, babban gari a yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, da goro ya fara daga baya ya buɗe shagon atamfa da shadda, can ya yi aure can ya haifi 'ya'yansa duka, yaran in suna hira da juna rabi Hausa ne rabi buroka. Mutane da yawa a nan ba su san akwai Hausawa masu ɗimbin yawa a wannan yankin ba, alhali hatta laƙabin da 'yan garin ke kiran Bamenda da shi, Abakwa, daga tsohuwar unguwar Hausawa ya samo asali. Ga kuma Fulani Mbororo a kan tsaunuka da shanunsu tun kaka da kakanni. Da rikici tsakanin gwamnatin Kamaru da masu neman ɓalle yankin ya yi zafi 'yan aware suka sa dokar zaman gida duk ranar Litinin, ba kasuwa ba makaranta ba mota, Kawu ya ce in ka buɗe shago yaran daji za su zo maka da dare, in kuma ka rufe hukuma ta ce kana goyon bayansu ta garƙame maka shagon, kai kuma ba ka da hannu a faɗan ko kaɗan, kai dai abincin 'ya'yanka kake nema. A ƙarshen 2018 ya tattara abin da zai iya ɗauka ya biyo ta Nkambe ya tsallako Taraba, daga nan ya iso wurinmu. Babbar 'yarsa tana can har yanzu saboda mijinta ya ce ba zai bar gidansa ba.

Abin da ya fi ɓata min rai da na koma na karanta tarihin abin shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ba baƙuwa ba ce a wannan magana, da ita aka ƙulla ta tun farko. Bayan an ci Jamus a yaƙin duniya na ɗaya aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, ɓangaren Ingila aka riƙa mulkinsa tare da Najeriya a matsayin amana. A watan Fabrairun 1961 Majalisar ta shirya ƙuri'ar raba gardama, tambaya biyu kacal aka ba mutane: ku shiga Najeriya ko ku shiga Jamhuriyar Kamaru. Babu zaɓi na uku na cin gashin kai. Ɓangaren arewa, wato su Mubi da Gwoza da Ganye da Mambila, suka zaɓi Najeriya, shi ne aka kira shi Lardin Sardauna saboda irin ƙoƙarin da Sir Ahmadu Bello ya yi a kai, har yau ma ƙaramar hukumar da Gembu ke ciki Sardauna ake ce mata. Ɓangaren kudu, su Bamenda da Buea da Kumba, suka zaɓi Kamaru bisa sharaɗin za a yi tarayya mai jihohi biyu, kowa da tsarin kotunsa da makarantunsa. Ran 1 ga Oktoban 1961 aka haɗe.

Shekara 11 kawai tarayyar ta yi. A 1972 shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo ya yi wata ƙuri'ar ya rushe ta ya mayar da komai Yawunde. A 1984 Paul Biya, wanda ke kan kujera tun 1982, ya cire kalmar haɗaka daga sunan ƙasar ya maido da sunan da ɓangaren Faransa ke amfani da shi kafin haɗewa, mutanen yankin Ingilishi suka ɗauki wannan a matsayin an shafe su ne gaba ɗaya. Duk tsawon shekarun nan wadda ta shirya auren ba ta dawo ta leƙa ta ga yadda zaman yake ba. A wurinmu in waliyyi ya ɗaura aure aka yi sharaɗi, ranar da aka karya sharaɗin shi ake fara nema, kuma ba ya cewa ba ruwansa.

Kuma fa abin bai fara da bindiga ba. A ƙarshen 2016 lauyoyi ne suka fito da rigunansu suna cewa a daina turo musu alƙalan da ba su jin Ingilishi kuma ba su san tsarin shari'arsu ba, malaman makaranta suka biyo baya da irin wannan kuka. Abin da za a zauna a teburi a gama cikin wata ɗaya ne. Sai aka amsa musu da kulki da barkonon tsohuwa, aka kama shugabanninsu, a Janairun 2017 aka yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Ingilishi har kusan wata uku. Da aka kulle masu sassaucin ra'ayi sai fili ya zama na masu zafin kai, ran 1 ga Oktoban 2017 suka ayyana ƙasar da suka kira Ambazoniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan shekara guda tsakanin yajin aikin lauyoyi da ayyana ƙasa ita ce damar da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila suka samu, Kamaru mamba ce a cikinsu duka, kuma suka bar ta ta wuce.

Yanzu ana maganar mutum sama da 6,000 sun mutu, dubban ɗaruruwa sun bar gidajensu, sama da 70,000 sun yi rajistar gudun hijira a Najeriya, yawancinsu a Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom. Akwai lokacin da yara sama da 600,000 ba sa zuwa makaranta saboda 'yan aware sun hana karatu, wannan kuwa zalunci ne da ba ni da wata kalma da zan kare shi da ita, ko me gwamnati ta yi maka bai kai ka hana ɗan talaka karatu ba. A Kumba ran 24 ga Oktoban 2020 'yan bindiga suka shiga aji suka harbe yara bakwai. A Ngarbuh kuma ran 14 ga Fabrairun shekarar sojojin gwamnati ne tare da wasu 'yan banga suka kashe mutum 21, 13 daga ciki yara ne. Kowane ɓangare hannunsa da jini, kuma Mbororo sun shiga tsaka mai wuya, an sace musu shanu an kashe musu mutane, wasu daga cikinsu kuma an ja su cikin aikin banga, gabar da hakan ta haifar Allah kaɗai ya san ranar da za ta warke.

To me ƙungiyoyin suka yi? Gaskiya ba zan ce ba su yi komai ba, zai zama rashin adalci. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa matsugunai a Adagom da Ukende kusa da Ogoja da kuma Ikyogen a Binuwai, ta yi wa mutane rajista ta ba su tamfol da abinci da ɗan kuɗin kashewa, wanda ya kwana a daji da jariri ya san darajar wannan. Kisan Ngarbuh ma da farko gwamnati musantawa ta yi, sai da matsin lamba ya yi yawa daga Majalisar da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sannan ta kafa kwamitin bincike, a watan Afrilu ta amsa cewa sojojinta na da hannu. Kenan in an matsa ana samun wani abu.

Amma a maganar sulhu kanta, wato a zaunar da mutane a kashe wutar, nan ne hannunsu ya gaza. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bai taɓa sa rikicin cikin ajandarsa a hukumance ba, zaman da aka yi a watan Mayun 2019 na bayan fage ne wanda ba ya fitar da ƙuduri. A Nuwamban shekarar shugaban hukumar Tarayyar Afirka Musa Faki da Patricia Scotland ta ƙungiyar renon Ingila da Louise Mushikiwabo ta ƙungiyar masu magana da Faransanci suka je Yawunde tare, suka gana da mutane suka fitar da sanarwa suka koma. Suwizalan ta gwada shiga tsakani daga 2019, abin ya mutu a 2022. A Janairun 2023 Kanada ta sanar cewa ɓangarorin sun amince su zauna, har Kawu ya kira ni da murna a ranar, bayan kwana kaɗan gwamnatin Kamaru ta fito ta ce ita ba ta ba wata ƙasa izinin shiga tsakani ba. Babban taron ƙasa da Biya ya kira a ƙarshen Satumban 2019 ya ba yankunan biyu abin da aka kira matsayi na musamman, sai dai manyan jagororin 'yan awaren suna kurkuku ko suna ƙasashen waje lokacin da ake taron, ta yaya za ka yi sulhu babu wanda kake faɗa da shi a ɗakin?

Kuma a nan dole mu 'yan Najeriya mu kalli kanmu. A nan Abuja, a wani otal, aka kama jagoran 'yan awaren, Sisiku Julius Ayuk Tabe, da abokansa a Janairun 2018, aka haɗa mutum 47 aka miƙa wa Kamaru, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito ta ce an saɓa doka domin da yawansu sun nemi mafaka. A Maris ɗin 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa mayar da su haramun ne a doka, amma ba a dawo da kowa ba, a watan Agusta kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai. Ni ban yarda da raba Kamaru ba, in faɗa a fili. Amma ƙasar da ta fi kowa dacewa ta zama mai raba faɗa, wadda ke da iyaka mai tsawo da yankin, mai harshe ɗaya da su, wadda 'yan gudun hijirar ke kwance a ƙasarta, ita ce ta zubar da yardar ɓangare ɗaya a dare ɗaya.

Na san dalili, kuma ba ɓoyayye ba ne. Muna buƙatar Kamaru a yaƙi da Boko Haram a tafkin Chadi, sannan muna da namu masu neman ɓallewa a kudu maso gabas, ba gwamnatin da za ta so a ce ta buɗe wannan ƙofa. Ga kuma tsohon bashi. Lokacin yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970, Ahidjo ya tsaya tare da Gowon, yana cikin kwamitin shugabanni shida da ƙungiyar haɗin kan Afirka ta wancan lokaci, OAU, ta kafa tare da su Haile Selassie da Diori Hamani, an yi zama a Kampala da Yamai da Adis Ababa a 1968, amma matsayin OAU bai taɓa sauyawa ba, Najeriya ɗaya ce. Ƙasashen Afirka huɗu ne kawai suka amince da Biyafara, Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya. Tushen wannan matsayi shi ne ƙudurin Alkahira na 1964 inda shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda Turawa suka bar su, Tarayyar Afirka ma ta gaji wannan a kundinta. Mu mun ci moriyar wannan ƙa'ida, kuma ina ganin ƙa'ida ce mai hikima, da ba don ita ba da kowace ƙabila ta ja nata zanen. Inda matsalar take shi ne an mayar da "kar a taɓa iyaka" ya zama "kar a yi magana", alhali abu biyu ne daban. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka da ke Banjul ta nuna hakan tun 2009, a ƙarar da mutanen kudancin Kamaru suka kai mata ta ce e, su al'umma ce mai haƙƙi kuma an nuna musu wariya, ta ce a'a ga ɓallewa, ta ce gwamnati ta zauna da su a tattauna kan tsarin mulki. Shekara bakwai kafin yajin aikin lauyoyi kenan. Ba wanda ya bi sawun hukuncin.

Ka kwatanta da Bakassi. Nan ma Kamaru ce, amma da yake faɗan na gwamnati da gwamnati ne sai komai ya tafi a kan tsari, kotun duniya ta yanke hukunci ran 10 ga Oktoban 2002, Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, aka miƙa yankin a Agustan 2008 zamanin 'Yar'aduwa, ba a yi yaƙi ba. Abin ya yi wa 'yan Najeriya da yawa ciwo amma an tsira da rayuka. Su waɗannan ƙungiyoyi na gwamnatoci ne, gwamnatoci ke biyan kuɗinsu, gwamnatoci ke zama a kujerunsu, in gwamnati biyu suka kira su aikinsu na kyau. In kuwa gwamnati ce da mutanenta, sai mai gida ya buɗe ƙofa, in ya ce harkar cikin gida ce shi kenan sai a tsaya a waje ana raba shinkafa.

Wani zai ce to a tura sojoji mana. Mali ta isa misali. A Afrilun 2012 ƙungiyar MNLA ta Abzinawa ta ayyana ƙasar Azawad a arewa, masu iƙirarin jihadi suka ƙwace abin daga hannunsu, ECOWAS ta tura dakaru a farkon 2013 ƙarƙashin janar ɗinmu Shehu Abdulkadir, Faransa ta shigo, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa da rundunar MINUSMA, soja wajen 13,000, kuɗi sama da dala biliyan ɗaya duk shekara. A 2015 aka sa hannu a yarjejeniyar Aljiyas da Aljeriya ta jagoranta, wadda ta yi alƙawarin ba yankuna iko da shigar da 'yan tawaye cikin soja. Shekara takwas ana jan ƙafa wurin aiwatarwa, kowane ɓangare na jiran ɗayan. Ma'aikatan rundunar sama da 300 suka mutu a can. A 2023 sojojin da ke mulki a Bamako suka ce MINUSMA ta fita, ta fita kafin ƙarshen shekara, a Nuwamba soja suka karɓe Kidal da ƙarfi, a Janairun 2024 suka soke yarjejeniyar, a watan kuma Mali da Nijar da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS ɗin ma baki ɗaya.

Nijar ce kawai nake kallo in ji ɗan sanyi a wannan fannin. Su ma sun yi tawayen Abzinawa a shekarun 1990, Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka shiga tsakani aka sa hannu ran 24 ga Afrilun 1995, har yau ranar hutu ce a ƙasar, a shekara ta 2000 aka tara makamai aka ƙona a Agadas. Tawayen ya sake tashi a 2007 ya lafa a 2009. Amma abin da ya riƙe zaman ba takardar ba ce, an ba mutanen arewa gurbi na gaske ne, an ɗauki tsoffin 'yan tawaye aiki, an ba su kujerun ƙananan hukumomi da na jihohi, Brigi Rafini ɗan Iferouane ya yi firaminista shekara goma daga 2011 zuwa 2021. Da Mali ta kama da wuta a 2012 arewacin Nijar bai bi ta ba. Maƙwabta ne suka kawo tabarma, masu gida kuma suka yarda suka zauna a kai.

Abin da nake so in gani ba mai yawa ba ne. Najeriya ta daina yin kamar ba ta ga mutum 70,000 da ke kwance a Ogoja da Ikyogen da Takum ba, ta yi amfani da kujerarta a kwamitin zaman lafiya da tsaro na Tarayyar Afirka ta sa a tattauna maganar a fili, muna da dattawa irin su Janar Abdulsalami da suka yi wannan aikin a Laberiya, me zai hana a nan kusa da gida. ECOWAS da ECCAS su daina kallon taswira su zauna tare tunda mutanen da abin ya shafa suna tsallaka iyakar kullum. A saki waɗanda za a iya magana da su daga kurkuku. 'Yan aware da ke zaune a Amurka da Turai suna tura kuɗin harsashi su ma ƙasashen da suke ciki su taka musu birki. Kuma duk ranar da za a zauna a tuna da Hausawa da Mbororo na yankin, kar a raba gari a bayan idonsu.

Da muka isa asibitin likita ya duba idon Kawu ya ce akwai yana a na dama, sai an yi aiki, ya rubuta mana mu dawo ranar Litinin da safe. Kawu ya karɓi katin ya juya shi a hannu, sannan ya ce likita don Allah in babu damuwa a mayar da shi Talata. Likitan bai tambayi dalili ba ya gyara. A mota muna komawa ya ce min shekara nawa kenan da barinsa can amma har yanzu in Litinin ta zo ƙafarsa ba ta son fita, ya fi so ya zauna kusa da waya har 'yarsa ta kira da yamma ta ce sun wuni lafiya.